Guɗar Jamilatu a Salzburg

A shekarar 2022 shanyewar ɓarin jiki ta kama Ummu Talha, wata dattijuwar Balarabiya da ke zaune a unguwar Dira ta birnin Riyad, kuma tun daga ranar ba ta ƙara magana ba. Wadda wannan shiru ya fi damu ita ce Jamilatu, mutuniyar Tasawa, wadda ta shekara goma sha tara tana aiki a gidan.

Kafin ta zo Saudiyya, Jamilatu ce mai guɗa a unguwarsu. A Riyad ma ba ta daina ba. Duk bikin suna ko na aure da Hausawa za su yi, daga Dira har Aziziya, ita ake kira. Sai dai Ummu Talha ba ta taɓa amincewa da salonta ba. Jamilatu takan kama hanci idan za ta rangaɗa guɗa, ita kuwa uwar ɗakinta takan rufe leɓen sama da tafin hannu. Sun daɗe suna wannan gardama a madafa.

"Saki hancin nan, ya Jamila! Wa zai sace shi?"

"To ke Mama, kunyar wa kike ji da kike ɓoye baki?"

Da zafin Riyad ya kama a shekara ta gaba, Talha, babban ɗan gidan, ya kai mahaifiyarsa wani asibiti kusa da birnin Salzburg a ƙasar Ostiriya, ya tafi da Jamilatu don ta kula da ita. Mako uku suka wuce babu wani sauyi. Sai Talha ya yanke shawarar barin tsohuwar a can har shekara guda, alhali bizar Jamilatu saura kwana goma ta ƙare.

"Ki yi haƙuri, Hala," in ji shi, wato inna da Larabci, domin tun yana ɗan makaranta haka yake kiranta. "Yanzu ba ta san wanda ke gefenta ba."

"Ta sani," Jamilatu ta ce. "Faɗa ne kawai ba ta yi."

Ana jibi za su rabu, Talha ya fita da su cikin tsohon birni bayan azahar. Jamilatu tana tura keken tsohuwar a kan duwatsun titi, tana yi mata bayanin abin da suke wucewa, kamar yadda ta saba: ƙubbobi koraye, kogi mai ruwan toka, da jarirai masu fukafukai da aka sassaƙa a saman ƙofofi.

"Dubi 'ya'yan mutane, Mama, ko zane ba a ɗaura musu ba a wannan sanyi."

Suka shiga wani zaure mai ado da ruwan zinariya, inda mutum huɗu ke kaɗa goge, manya da ƙanana. Jamilatu ba ta taɓa jin irinsa ba. Kiɗan ya taho a hankali, ya hau, ya ƙara hawa, sa'an nan ya tsaya cak. Al'adar wurin ita ce a yi tsit a irin wannan gaɓa har makaɗa su ci gaba, amma babu wanda ya gaya mata. A ganinta, barin gwani ya gama ba a yaba ba rowa ce. Ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.

Kawuna suka juyo. Talha ya sunkuyar da kai. Jamilatu ta gane ta yi kuskure, kunya ta hana ta ko motsi. Sai ta ji yatsun tsohuwar sun kama tsintsiyar hannunta suna janye shi daga fuskarta.

"Saki hancin," in ji Ummu Talha. Muryar ta dishe, amma duka su biyun sun ji.

Har aka tashi ba ta saki hannun ba. Washegari Talha ya gaya wa likitoci cewa da mahaifiyarsa zai koma.

Yau Ummu Talha tana gidanta a Dira. Ba ta warke ba, kuma kalmominta ba su fi goma ba. Jamilatu ce ke kula da ita, kuma har yanzu tana kama hanci idan za ta yi guɗa.