Nonon Aro

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ƙanwar mijina ta dawo gida Lambara goyon ciki. Ni daga Bodinga aka kawo ni gidan, ina goyon ɗana namiji, kuma ban da wadda zan yi hira da ita sai tukunya.

Tun kafin ta samu cikin, saifa ta kumbura mata har tana neman ƙugu. Wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, duk a banza. A asibitin Sakkwato likita ya ce ciwon a cikin jini yake, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da ƙwayoyi na 'yan shekaru. Ya ce kuma ƙwayar tana iya taɓa abin da ke cikinta. Ta ajiye maganin, ta ce sai ta sauka tukuna.

Ta sauka da kyar, ɗiya mace, 'yar mitsitsiya amma da lafiyarta. Da ta fara shan maganin aka hana ta shayarwa, aka miƙo mini jinjirar. Na haɗa da nawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

To ga ɗiyar fari, ga kunya. A wajenmu uwa ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta faɗin sunansa. Shayarwa ce kaɗai ke ba ta dalilin rungumarsa, ita kuwa an ƙwace mata wannan. Tana gama wankan jego sai ta zauna a bakin ɗaki, ta juya mana baya, tana tsince gero. Ina ganin yadda kunnenta ke biye da mu. In yarinyar ta yi kuka sai gaban rigarta ya jiƙe, ta ja mayafi ta rufe.

Abin ya ci mini rai. Ni bakina ba ya da linzami, na ce mata, “Ke, karɓi ɗiyarki, bayana ya gaji.”

Ta ce, “Yaya, mi mutane za su ce?”

Na ce, “Su ce. Su ne za su mutu?” Sai na ji nauyin abin da na faɗa.

Ba ta karɓa ba. Mata masu zuwa barka suna ta yabonta, wai ba su taɓa ganin mai kunya irinta ba, ni kuwa kamar in watsa musu ruwan kanwa. Mijinta yana fadama wajen albasa, in ya zo daga zaure yake gaisuwa ya koma. Haka muka zauna, mu biyu a tsakar gida ɗaya, kowa da kaɗaicinta.

Yarinyar ta yi rarrafe, ta tashi, ta fara tafiya. Uwar kuwa kullum ramewa take, maganin ya daina kama ta. Wata hantsi surukata da maƙwabta suna zaune ana sussuka, sai muka ji uwar yarinyar daga kan tabarma ta kira sunan ɗiyarta, da ƙarfi, ta buɗe hannuwa biyu. Aka ajiye taɓare.

Yarinyar ta tsaya ta dube ta. Sannan ta juyo da gudu ta shige cikin zanena.