Ƙwayar da Inna Ta Ɗinke a Fata

A Kankia idan aka tambaye ni abin da na je na karanto a ƙasar waje, sai in ce lantarki, in yi shiru. Na gaji da bayani. Da zarar na buɗe baki wani zai jawo wayarsa da ta faɗa ruwa ya miƙo mini, in na ce ban iya ba ya dube ni kamar na ci amanar gari.

Abin da na karanta ɗin shi ne wannan. Saƙon da ke gudu cikin wayar lantarki daga wata na'ura zuwa wata yakan zo da tsananin sauri, kuma ba ya zuwa da agogon da zai gaya wa mai karɓa ga lokacin da zai ɗauki kowane harafi. Dole mai karɓa ya tsamo lokacin daga cikin saƙon kansa, kamar macen da ta tarar ana lugude, ta saurari taɓaren 'yan uwanta ta san inda za ta saka nata. Aikina shi ne zana 'yar da'irar da ke wannan sauraro. Waɗanda ake da su a lokacin ko dai suna jinkiri kafin su kama, ko kuma su kama da wuri amma su zuƙe wuta. Ni na yi imani na sami hanyar da za ta kama da wuri ba tare da cin wuta ba. A kwamfuta ta yi aiki sarai. Amma kwamfuta ba ta rantsuwa, sai an ƙera abin an gwada ake sani.

An ƙera. Masana'anta ta aiko mana da 'yan ƙwayoyin silikon masu ɗauke da da'irar, kowace ba ta kai ƙwayar dawa ba. Kafin layin gwaji ya zo kaina aka kira ni aka ce Baba ya rasu a Mawashi. Na ɗauki ƙwaya ɗaya a ɗan akwatinta, cikin jakar leda mai ruwan azurfa da ke kare ta, na taho da niyyar komawa. Ban koma ba. Ga gona, ga ƙanne mata, ga Inna. Takardar zamana ta ƙare, malamina ya yi ritaya, aka share ɗakin bincikenmu da sauran ƙwayoyin, masana'antar ma ta daina irin wannan ƙira. Wadda ke hannuna ita kaɗai ta rage a duniya, kuma na'urar da za ta iya gwada ta, duk inda na tambaya a ƙasar nan ban samu ba.

Na kama koyarwa a wata sakandare a Kankia. Ɗakin da nake haya yana yoyo da damina, don haka na kai wa Inna ajiya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban idona ba.

Na ce, "Inna, duk abin da na je nema yana cikin nan. Kada a buɗe, ko yatsa bai kamata ya taɓa shi ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah shi tsare," ta sa a ƙasan adakarta.

Shekaru suka wuce ina koya wa yara yadda ake haɗa batir da ƙwan fitila. Ba na ɓoyewa, na tsani aikin nan, na kuma tsani kaina a cikinsa. Abin da ke riƙe da ni kawai shi ne tunanin cewa a ƙasan wata adaka akwai abin da watakila ya fi na kowa kyau.

Sai ga wani abokin karatuna ya bugo waya. Yana aiki a can, a wurin da suke da na'urar gwajin, ya zo Katsina ganin gida, gobe zai bi ta Kankia zuwa Kano ya hau jirgi. Ya ce in tare shi a bakin titi da ƙwayar. Na hau babur sai Mawashi.

Inna ta shiga ɗaki ta fito tana murmushi, ta ajiye mini wani abu a tafin hannu. Laya ce. Jar fata, ɗinki mai kyau, har da 'yar igiyar ratayawa.

"Inna, mene ne wannan?"

"Abin naka ne mana. Gara ta shiga adakar, ta cinye mani zannuwa biyu. Na ce wagga leda mi za ta tsare? Ran kasuwa na tahi da kaina na kai ma baduku, na tsaya a kanshi har ya ɗunke. Ni ban taɓa ba, yadda ka ce. Shi ma da tsinke ya ɗauko shi."

Ta tsaya tana jiran in yi godiya. Tsohuwar da gwiwa ke hana ta zuwa rijiya ta taka har kasuwa saboda abina.

Na ce, "An gode, Inna. Allah ya saka."

Washegari a bakin titi, ana ta kiran Kano, Kano, na farke fatar da reza a gaban abokina. Baduku ya yi aikinsa tsakani da Allah: ya naɗe ƙwayar cikin takarda, ya ninke, ya danne da kyau. Abokina ya duba, ya dube ni. Ya juye ta cikin kwalbar magani ya shiga mota.

Bayan wani lokaci ya kira. Sun ɗora ta, sun ba ta wuta, ko motsi. Na tambaye shi ko dannewar ce ta kashe ta, ko kuwa tun asali zanena ne bai yi ba. Ya ce wallahi babu yadda za a gane, duka biyun haka suke nunawa.

Da an ce mini zanen ne ya gaza, da na yi kuka na huta. Da an ce baduku ne, da na ci gaba da ɗaga kai a cikin raina. Ba a ba ni ko ɗaya ba, kuma ba za a ba ni ba har in mutu.

Ban gaya wa Inna ba. Duk Juma'ar da na je Mawashi, bayan ta ajiye mini fura, sai ta kawar da kai ta ce, "Mutanen can sun aiko da labari?"

In ce, "Suna kan dubawa, Inna."

Ta ce, "Za shi yi. Ai an adana shi da kyau."