Raja Nirbhai Pal da Hanyar Jhandri

Haihuwa da asali

An haifi Raja Nirbhai Pal a shekara ta 1741 Miladiyya, lokacin girbin sha'ir, a garin Naurkot da ke kan duwatsun arewa. Mahaifinsa shi ne Raja Jaswan Pal, sarki na goma sha ɗaya a zuriyarsu, mahaifiyarsa kuwa Rani Champa Dei. Marubutan fada sun ce an haife shi cikin alamun sa'a, amma abin da tsofaffinmu suka riƙe shi ne ya zo duniya wata guda kafin lokacinsa, kuma daga ranar ba a sake ganin ya jira komai ba.

Ƙasar Naurkot ba ta sarki ba ce, ta abin bautarmu Tarunath ce, wanda muke kira Mai Ƙasa. Sarki wakili ne kawai. Kowace asuba idan aka busa ƙaho, wajibi ne sarki ya hau matakala ɗari da takwas babu takalmi, ya faɗi abin da ya aikata jiya, sannan babban malamin ɗakin bauta ya miƙa masa sandar azurfa, alamar an sabunta masa wakilci na yini guda. Wanda ƙaho ya tashi ba ya nan, ko sau ɗaya ne, sanda ta koma hannun magajinsa, shi kuma ba ya sake shiga garin. Mara lafiya ma a kafaɗa ake kai shi. Saboda haka babu sarkin Naurkot da ya taɓa kwana a wani gari.

Karatu da ƙuruciya

A shekara ta 1748 aka damƙa shi a hannun Pandit Girdhar, wani matashin malami, domin ya koya masa littattafan addini da lissafi da ladubban mulki. Yaron yana da kaifin fahimta, sai dai ba ya karatu a zaune. Yana zagaya tsakar gida, malamin yana biye da shi da littafi a buɗe.

"Yarima, don girman Mai Ƙasa ka zauna," in ji malamin, "ƙafafuna sun ƙare."

"Malam, in na zauna karatun guduwa yake yi."

Da ya kai shekara goma sha shida ya fara bin fataken gishiri zuwa gangare, ya yi wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Mahaifinsa ya so ya hana, mahaifiyarsa ta ce a ƙyale shi. "Yi yawonka yanzu, ɗan nan," ta ce masa. "Ranar da aka ba ka sandar nan an ɗaure ka kenan, kamar akuya a turke."

Aure, sarauta da 'ya'ya

Ya auri Rani Prem Dei a shekara ta 1759, kuma bai ƙara wata mace ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1762 ya karɓi sanda yana da shekara ashirin da ɗaya, duniyarsa ta tsaya iya inda doki zai kai ya komo kafin ƙaho. Ya sauya ɗakin kwanansa sau tara, ya rushe katangar fada ya sake ginawa ba tare da wani dalili ba, shari'a ma a tafe yake yanke ta, masu ƙara suna biye suna haki. Fadawan zamaninsa babu mai tumbi ko ɗaya.

Sun haifi Bishan Pal a 1761, Kunj Dei a 1763, Hukam Pal a 1766, da Lal Dei a 1770. A cikinsu Kunj Dei, wadda ake kira Kunjo, ita kaɗai ta gaji ƙafarsa. Tun tana shekara biyar take bin sa gona da kasuwa da bakin rafi ba ta gajiya, shi kuma ba ya kiranta sai Uwata, saboda kamarta da mahaifiyarsa.

A shekara ta 1781 Raja Dhian Sen na Jhandri ya aiko neman aurenta, ita ma ta nuna tana so. Sarki ya binciki asali da hali, ya samu babu aibi. Manzannin sun bayyana cewa a gidan sarautar Jhandri, matar da ta shiga ƙofar fada ba ta sake fita sai gawarta, amma sun faɗi haka ne yana tsaye yana leƙen wani sabon doki ta taga, ya ce ya ji, ya amince. Sai bayan wata shida, da ya ce a je a ɗauko Kunjo ta yi musu kwana biyu, ya fahimci abin da ya amince da shi. Tsakanin Naurkot da Jhandri tafiyar kwana huɗu ce. Ita ba ta fitowa, shi ba ya kwana a waje.

"Ai an gaya maka," in ji Rani Prem Dei tana kuka. "Kai ne ba ka taɓa tsayawa ka ji magana har ƙarshenta ba."

Aikin hanya

A farkon shekara ta 1782 ya sha alwashin sai ya taƙaita tafiyar kwana huɗun nan har mutum ya je ya dawo tsakanin ƙaho da ƙaho. Ya ɗora wa kowane gida aikin namiji ɗaya, wata guda a shekara. Kakanmu na biyar, Dhanu mai sassaƙar dutse, ya shiga aikin yana saurayi, ya fito da ƙusumbi. Da wuta da ruwan sanyi suke fasa dutse, taku biyu a yini idan an yi sa'a. Sarki kuwa kullum yana karɓar sanda zai sukwano zuwa bakin aiki, ya yi faɗa, ya ɗauki guduma da kansa, ya dubi rana, ya juya. Hanya na ƙara nisa, tsayuwarsa a wurin na ƙara gajarta.

Gadar da aka ɗora a kan kwazazzabon Kogin Sirwa ruwa ya tafi da ita sau biyu, a 1789 da 1793, na biyun da mutum talatin da bakwai a kanta. Pandit Girdhar, wanda a lokacin ya zama babban malamin ɗakin bauta, ya tare shi a kan matakala.

"Ranka ya daɗe, waɗanda suka mutu su ma 'ya'yan wasu ne."

"Na sani, Malam."

"To a dakata mana."

"In na dakata, sun mutu a banza kenan," in ji sarki, ya wuce.

Fataken ulu da gishiri sun amfana da hanyar tun kafin a gama ta, kuma wasiƙu na kai da komo. Kusan kowace wasiƙar Kunjo da tambaya ɗaya take ƙarewa, ina hanya ta iso. Rani Prem Dei ta rasu a 1799 ba ta sake ganin 'yarta ba.

Tafiya Jhandri

An kammala aikin a shekara ta 1803, da bargar dawaki takwas a jere domin sauyi. Mahaya suka gwada, suka samu zuwa sa'a goma sha ɗaya ne, dawowa sha biyu saboda hawa, abin da ya rage a tsakani bai fi sa'a guda ba. Sarki yana da shekara sittin da biyu. Bayan ɗaukewar damina ya karɓi sanda da asuba, ya jingine ta a fada, ya hau, ya isa Jhandri da la'asar, gorar ruwansa babu ko ɗigo.

Aka shigar da shi tsakar gidan mata, ya tsaya yana rarraba ido, har wata mace mai furfura ta taso ta taɓa ƙafarsa. Ga tulu nan cike a gefenta, ga leɓɓansa sun tsage, amma a al'adarmu uban da ya aurar da 'ya ba ya cin abinci ko shan ruwan ƙasar mijinta, su biyun kuwa sun san haka.

"Uwata, kin tsufa."

"Kai kuma ka ƙi tsufa. Baba, tun da ka shigo idonka na kan inuwar katanga. Ni ka zo gani ko rana?"

"Sa'a guda gare ni."

"Sa'a guda! Shekara ashirin da biyu ina zagaya tsakar gidan nan, taku arba'in tsawo, talatin faɗi, ni da na gaji ƙafarka. Innata ta mutu a wasiƙa na ji. In sa'a guda ce, tafi tun yanzu kada dokinka ya huce. Ni ban iya gaisuwar tsaye ba."

Ya fita. A ƙofar fada shamakinsa ya riƙe masa doki, ya sa ƙafa a likkafa, ya daɗe a haka, sannan ya zare ta.

"Kwance sirdin nan."

"Ranka ya daɗe, ƙaho fa?"

"A busa. Bishan ma yana da ƙafa."

Ya koma ciki ya zauna a ƙasa kusa da ita da ƙishinsa. Washegari aka busa ƙaho a Naurkot, Pandit Girdhar mai shekara tamanin ya kira sunansa sau uku, sannan ya miƙa wa Bishan Pal sanda.

Shekarun ƙarshe

Ya gina bukka a tsallaken rafin iyaka, ɓangaren Naurkot, tafiyar sa'a biyu daga Jhandri. Kowace safiya zai cika gora daga namu gefen, ya ƙulle gurasarsa, ya taka zuwa wurin 'yarsa, su yi ta zagaya tsakar gidan nan tare suna hira suna gardama, da yamma ya komo. Shekara biyar bai fasa ba. A Naurkot har yau ba a daina musu a kansa ba, wasu na cewa ya karya bayan ƙasa guda don tafiyar yini ɗaya. Ni kaina ban yafe masa mutum talatin da bakwai ɗin nan ba, amma na kasa ganin laifinsa a wancan yammacin.

Rasuwa

Ya rasu cikin sanyin shekara ta 1808 yana da shekara sittin da bakwai. Masu itace ne suka same shi a gefen hanya, fuskarsa na duban Jhandri, gorarsa a cike. Da yake babban ɗa ne ke sa wa gawar uba wuta, aka aika Naurkot da gaggawa. Raja Bishan Pal ya karɓi sanda da asuba, ya sauya doki takwas, ya iso bakin rafin iyaka da la'asar, ya zagaya itacen da aka ɗora gawar a kai, ya sa wuta, ya hau ya juya tun harshen wutar bai kai ga likkafani ba, domin ƙaho ba ya jira. Ƙaninsa Hukam Pal ne ya tsaya ya kwashe toka ya zuba a Kogin Sirwa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Raja Bishan Pal, magajinsa, Hukam Pal, mai kula da bargogin hanya, Lal Dei, wadda aka aurar a cikin garin Naurkot, gida na huɗu daga fada, da Rani Kunj Dei ta Jhandri, wadda ba a buɗe mata ƙofa ba, ta hau kan soro ta tsaya tana kallon hayaƙin har ya ƙare. Ta rayu shekara goma sha tara bayansa a wannan tsakar gida.