Kawu da Muryar Ladan

Jiya wata mota ta wuce layinmu a unguwar Misfala, kiɗanta har yana girgiza tagar kicin, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Da ƙuruciya mawaƙin rok ne, kiɗan nan na Turawa, mai ihu a gaban manyan sifikoki, har suka cinye masa kunne. A gidanmu ya tsufa, ga Masallacin Harami kusa, amma ba ya jin ladan. Ni ce mai taɓa kafaɗarsa in an kira salla.

Wata magariba ya riƙe hannuna da yatsun da suka sha kaɗa jita, ya ce, "Ya binti, 'yata, yaya muryar take? Siffanta mini." Na buɗe baki, sai hawaye.

Allah Ya gafarta masa, Ya jiyar da shi sallamar mala'iku.