Na Faɗi Asalina, Na Rasa Aure

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Riyad, saurayi mai ji da asalinsa. An raine mu a kan cewa kakan babanmu malami ne da ya taso daga gabas da buzunsa, kuma ba na zama wuri ban sako zancensa ba.

Akwai wani baƙar fata Ba'amurke da muke aiki tare, wanda ya daɗe yana bin sawun kakanninsa. Ya gano ƙauyen da kakan kakarsa ya yi bauta a gonar auduga, har ya je ya taka gonar da ƙafarsa. Yana ba ni labari fuska a sake, ni kuwa na ce Allah sarki, mu namu asalin a tafin hannu yake. Sai ya tambaye ni garin da malamin ya taso. Na yi ta kame-kame.

Abin ya tsaya mini a rai, na buga wa gwaggona waya, ita ce babbar da ta rage mana. Ta ce ba za ta shiga kabari da ƙarya ba. Kakan nan kamo shi aka yi yana yaro, aka kai shi rinji, ƙauyen bayi masu yi wa ubangida noma. Da safe ya yi gandun ubangida, da yamma ya yi tasa 'yar gonar, da haka ya fanshi kansa, ya koma ya fanshi matarsa. Karatun da ake ta yayatawa da furfura ya fara shi. Ta gaya mini sunansa na ainihi, wanda ban taɓa ji a bakin kowa ba.

A lokacin ina neman 'yar wani dattijo ɗan ƙasarmu mai sayar da kayan marmari a kasuwar Aziziya, kuma ina sonta ƙwarai. Ya kira ni gidansa a unguwar Gubaira, a gaban abokansa ya tambayi asalina kamar yadda aka saba. Labarin malamin ya zo har bakina, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi gaskiya. Ba a jima ba aka aiko cewa an yi istihara ba ta yi kyau ba. Dattijon nan fa, ko gida zai je sai kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarda, amma shi ne ke ƙyamar jinin bawa.

Yayana ya kira yana faɗa, wai na tona asirin gida, wa zai auri 'ya'yansa. Na ce masa mutumin da ya sayi 'yancinmu da fartanya ba abin ɓoyewa ba ne. Ya shekara bai ɗauki wayata ba.

Rashin yarinyar nan ya yi mini ciwo, har kuka na yi. Amma abin da nake nadama shi ne shekarun da na yi ina tinƙaho da malamin da ba a taɓa haifa ba. Mai son tono asalinsa ya shirya wa abin da zai tarar, masu hana aure saboda asali kuma su fara buga wa tasu gwaggon waya. Daga baya na auri wata da ta ji labarin ta ce to, sai me. Da ta haifi namiji na sa masa sunan kakan nan, kuma yanzu duk dangi, har yayana, dole su riƙa kiran sunan.