Mai Kwikwiyo a Bakin Gadar Treichville

Kullum da safe ina ganinsa a bakin gadar Treichville, dogon mutum mai tsage a kumatu, da jan kwikwiyo a cikin kwandon goro. Ban san sunansa ba.

Ba ya sauke shi a kasuwa, inda karnuka masu ƙazuwa ke yawo. Karkato kwandon yake yi, kwikwiyon ya kalli 'yan dako, ya ji kukan jirgin ƙasa. In ya firgita, sai mutumin ya ja baya kaɗan yana sosa masa kunne. In ya hango wani ya nufi masallaci, sai ya kauce, kada yawun kare ya taɓa masa riga.

"Malam, kare ake lallaɓawa haka kamar jinjiri?" in ji Baraka mai ƙosai.

"Bai yi ƙwari ba tukuna, Inna. Gara ya saba da mutane yanzu, kada ya girma yana cizo."

Sai a gefen ruwa yake sauke shi, bayan ya dafa yashi ya ji babu zafi. Ba sa nisa a yawon, da ɗan abin ya fara haki an gama.

Ina jin makiyayi ne a can ƙasarmu, fari ya raba shi da garkensa. Dubi yadda yake gitta sanda a kafaɗa. Yanzu ga shi yana fito irin na kiran tumaki. Kwikwiyon ya sheƙo da gudu, amma shi mutumin bayansa yake dubawa, inda ba komai sai ruwa da kwalekwale.

Ni ma na waiwaya.