Abin da Ya Rage na Taguwar Kakanmu

Sakkwato zuwa Sabon Birni

Ƙarfe biyar da rabi na asuba motarmu ta tashi. Baffana Nomau ne ya aiko, wanda ke zaune a garin Isa tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu. Jiki ya yi tsanani, yana so in ɗauko masa rigar gidanmu ya damƙa wa magajinsa da hannunsa. Taguwar yaƙi ce ta saƙi, rinin baba, da layu ɗinke a ciki, an ce da ita kakanmu ya fito daga Alƙalawa. Ba a wanke ta. Bayan kaka ake shanya ta, a turara, a mayar tukunya.

Shinge bakwai muka wuce, muka isa goma da kwata. Na sha fura a tsaye.

Ƙauyenmu, gefen Gatawa

Da ƙyar na samu ɗan kabu-kabu. "Za ni kai ka, Malam, amma ban kai la'asar can."

Mutum huɗu na tarar a garin. Inna Tumba, yayar Baffa, wadda ta ƙi tashi, ta jawo tukunyar. Na warware rigar. Da tana kai gwiwa, yanzu iyakarta cibiya.

"Inna, gara ta ci ta?"

"Ba gara ba ta, ni ta. Randa anka harbi mutanenmu biyar, wuta ta ci komi, ko tsumma babu. Da ita niɗ ɗaure musu jini. Ukku sun rayu."

Gaskiya raina ya ɓaci. Rigar da ko ruwa ba ya taɓawa! Na naɗe ta, na yi sallama a daƙile.

Isa

Uku da rabi na shiga wurin Baffa, ina jin kunyar abin da na kawo. Na faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa bakin yagar, sannan ya kira babban ɗansa ya ɗora masa a kafaɗa.

"Kak ka bari a ɗinke ta. Mu ajiya munka yi. Tumba ɗai tak kai ta yaƙi."

Na kasa haɗa ido da kowa.

Gida

Washegari da azahar na iso Sakkwato lafiya, Alhamdulillahi. Na gode wa direbobi da ɗan kabu-kabun nan. Godiyar da ta fi wajaba ta Inna Tumba ce, ita kuwa ba ta da waya. Sai na sake komawa.